Yanzu Baƙin Haure Ne

A rumfar masu kifi, gindin gadar Wudil, Rahinatu na jiran a soya mata nata, idonta na kan wani mutum. Shadda sai ƙyalli, tumbi kamar randa, jarida a cinya. Da gani irin masu raɗa wa manya shawara ne a Abuja. A shafin farko akwai hoton yarinyar da yaƙin wata ƙasa ya koro.

Yana tsotsar ƙaya yana waya: "Ranka ya daɗe, jaridu sun daina ce musu 'yan gudun hijira, yanzu baƙin haure ne. A dakatar da agajin, ba mai cewa uffan."

Nan take kifi ya fita ran Rahinatu. Shi kuwa ya yi gyatsa, ya yago fuskar yarinyar daga jaridar, ya goge maiƙon bakinsa da ita.