Kwamfutar da Muka Haɗa da Mijin Ƙanwata

Ina da ƙaramin shago a Gumel inda nake tsara katin biki da fasta. Da tsohuwar kwamfutata ta fara gajiya, mijin ƙanwata ya kawo shawara mu haɗa hannu mu sayi kaya ɗaiɗai mu harhaɗa sabuwa: ni in yi aiki da rana, shi ya buga wasan ƙwallo da yamma. Kuɗinmu ba yawa, na yarda.

Mutumin nan dillancin awaki yake yi a kasuwar Maigatari. Duk iliminsa na kwamfuta daga bidiyon waya ya samo shi, amma in ya fara zuba sai ka rantse shi ya ƙera ta. Na ce masa abu biyu nake so: ram mai yawa, wato abin da ke riƙe aiki kada ya tsaya, da akwatin raba wuta mai kyau, tunda wutar garinmu ba ta da tabbas. Ya dube ni da murmushin tausayi.

"Yaya, kai dai bar min. Zamani ya wuce nan."

Ranar kasuwa ya dawo a keke napep, ya rungumo kwali kamar jariri. Gidan kwamfuta ne mai gefen gilashi, da fankoki masu fitila ja da kore da shuɗi. Kusan rabin abin da muka tara can ya tafi. Sauran ya sayi katin hoto, wanda ke motsa wasanni, a hannun wani da ya ce masa daga Damagaram aka shigo da shi. Hujjarsa kawai rubutun Faransanci a jikin kwalin, wanda ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba. Ram kuwa ɗan guntu ya kawo, wai ai ba a ganinsa daga waje.

Muka haɗa. Fitilu suka kama, shagon ya koma kamar ɗakin amarya. Ya kira abokansa suka tsaya suna ɗaukar hoto. Da ya kunna wasan, 'yan ƙwallon suka riƙa tafiya kamar masu ciwon gwiwa. Ni kuma in na buɗe fasta ɗaya sai in je in sha shayi in dawo ba ta gama buɗewa ba. Na ɓamɓare takardar da aka manna a jikin katin, na ga tsoho ne tukuf aka yi wa kwalliya. Na nuna masa. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce zafin Gumel ne, a ƙasar sanyi da tuni yana gudu.

Muka raba kaya. Na kwashe kayan ciki na zuba a tsohon gidan ƙarfena mai tsatsa, daga baya na ƙara ram, aiki ya tafi. Shi ya ɗauki gilashinsa da katinsa.

Yanzu gidan gilashin yana falonsa a kan tebur, an jona fankokin da wuta, ciki babu komai. Baƙi suna yabawa, yana gyaɗa kai yana yi musu bayani. Ƙanwata ta ce in ya fita, a ciki take ɓoye wa yara biskit.