Matar da Ta Mayar wa Ilyasu Bakinsa

An sanya wa Ilyasu direba haƙoran yayansa da ya rasu. Abin da ya faru ke nan, kuma ta dalilinsa na san Madam Rekiya, wadda za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan saboda idonta ya gaji.

Ba likita ba ce. Likitoci suna can suna ganin marasa lafiya, ita tana wani ɗaki a unguwar Idu da ke Abuja tana haɗa haƙoran roba. Kullum da safe takan ɗaura takunkumi, ta kunna kwamfuta, ta goge kantocin da aka jera bakunan mutane a kai. Dasashi ne da haƙora, babu leɓe, babu kai, duk a buɗe kamar an katse musu magana. A lungu wani inji yana gurnani, yana ciro haƙora daga cikin ruwa mai kauri. Ni ɗan tasha ne, na ga gawa a titi ba adadi, amma ɗakin nan ban yarda na juya masa baya ba.

Ilyasu da yayansa Tawfiq a tashar Utako suke lodi. Mota ɗaya ta kife da su a hanyar Lokoja. Tawfiq ya cika nan take, Ilyasu ya tashi babu haƙoran gaba. A asibiti aka zura masa 'yar na'ura a baki ta ɗauki hoton dasashinsa. Sai wani ma'aikaci ya ga tsohon hoton baki a kwamfuta da sunan mahaifinsu, ya zaci na Ilyasu ne, ya kwafo siffar haƙoran. Na Tawfiq ne, tun lokacin da aka yi masa ciko.

Haƙoran sun zauna daram. Amma Tawfiq mai wushirya ne, in yana magana wani siririn fito yakan fita. Ilyasu ya koma gida Jikwoyi, ya yi sallama, fiton ya fita. Inna, mahaifiyarsu, hankalinta ya taɓu tun ranar haɗarin. Ta ɗago ta ce, "Tawfiq, ka dawo? Allah Ya jiƙan ƙaninka."

Ya ɗauka na yini ɗaya ne, amma ba ta sauya ba. Ta sa aka soya ƙosan sadaka da sunan Ilyasu, shi da hannunsa ya raba wa maƙwabta. Yana zaune gabanta za ta riƙa ba shi labarin taurin kan marigayi Ilyasu. A tasha, in ya kira fasinja, direbobi sukan waiwayo a firgice. Shi kansa ya daina duba madubin mota.

Ni na raka shi wurin Rekiya. Ba ita ta yi kuskuren ba, ba ta kuma tsaya neman wanda ya yi ba. Ta saurari maganarsa, ta ce, "Oga Ilyasu, hotonka nake so, wanda kake dariya."

"Madam, ni ba na dariya a hoto."

"To ranar aurenka kuka ka yi?"

A wayar matarsa aka samo bidiyon bikin. Rekiya ta tsayar da shi inda ya washe baki, ta ɗora a kan hoton dasashinsa, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya a allo, har da wanda ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, har da ɓallin da murfin lemo ya yi masa. Da inji ya fitar da su, ta bi da hannu ta rage musu fari.

Kafin ta miƙa masa ta ce, "Ka sani fa, in ka sa waɗannan Mama za ta gane ka. In ta gane ka, za ta nemi ɗayan. Ba zan zaɓa maka ba."

Ilyasu ya miƙa hannu. Ya ce, "So nake uwata ta sa mini albarka da sunana."

Rekiya, ke ce mai aikin da in ya yi kyau ba wanda zai gane an yi shi. Ke ce kika gaya wa mutum abin da gyara zai jawo masa kafin ki gyara. Mun gode, Allah Ya ƙara wa idonki haske. Ku da za ku gaji kujerarta, injin nan alheri ne, ya rage wa mutane wahala, amma bai san wanda ya mutu ba. Ku riƙa ɗaga kai daga allo kuna duban mai bakin.

Da ya sa sababbin haƙoran, ba ta bar mu mu tafi mu kaɗai ba. Ta rufe ɗakin ta biyo mu Jikwoyi. Ilyasu ya yi sallama, Inna ta ƙura wa bakinsa ido.

"Ilyasu? Ina yayanka?"

Ya durƙusa ya gaya mata. Ta dafa kansa ta sa masa albarka da sunansa, sannan ta ce a shimfiɗa mata tabarmar makoki. Rekiya ta zauna da ita har la'asar. Inna ba ta ƙara tashi daga tabarmar nan da ƙafarta ba, kuma ba ta ga azumi ba, ta rasu.