Abatcha, Mai Tsaron Gurbin Kellu

Kafin masu tattasai su gama sauke buhuna a kasuwar Diffa, Malam Abatcha ya jingine babur a biron ƙungiyar lafiya, ya shige ɗan ɗakin nan mai sanyi kamar randa. Can akwatin tsaron rezo yake, wato na intanet ɗin biro, fitilunsa na ƙyafce-ƙyafce ba mai kallo. Aikinsa yanka wa kowace na'ura adireshinta na dindindin a cikin akwatin: firijin rigakafi, kamarar ƙofa, tablet ɗin ma'aikata. Ko na'ura ta shekara a kashe, ranar da ta farka za ta tarar da gurbinta.

Watan nan yake ajiye aiki, kuma bakinsa ba zai taɓa ba da labarin nan ba, shi ya sa mu abokan aikinsa za mu bayar.

Shekarar da rikici ya watsa mutanen ƙauyen Baroua, Kellu ma'aikaciyar jinya ta ɓace da tablet ɗin aiki a hannunta. Aka nema, aka gaji, aka yi mata sadaka. Mutum biyu suka ƙi yarda: Inna mahaifiyarta, da Abatcha.

Da adireshi suka yi ƙaranci, shef, shugaban biro, ya leƙo. "Abatcha, goge na Kellu mana, sabon firiji na jira."

"Shef, ni ban ga gawa ba. Firiji zan samo mishi wuri."

Ya yini yana sake rabon rezo kaf. Tsohon wifi ma ya bar shi a kunne saboda ita kaɗai. Aka dinga tsokanarsa wai yana yi wa fatalwa gadin ɗaki.

Wata Talata da azahar, sunan nan da ya yi shekaru a dushe kan allo ya koma kore, alamar na'urar ta kama wifi: Kellu, Baroua. Rashida sakatariya ta rantse ta ga tsikar jikinsa ta tashi. Ya kashe allon ya kunna, sunan na nan. Ya fito tsakar gida inda matan ƙauyen Yébi ke layin magani, ya bi fuskoki, ba wadda ya sani. Can ƙarshe ga wata ramammiya, lulluɓe har hanci, rungume da ƙunshin zane.

"Baiwar Allah, mi ke cikin ƙunshin?"

Ta kwance ƙunshin, sai ga tablet. "Kayan aiki ne, Baba Abatcha. Na sa an yi caji a kasuwa, in maido shi da rai. Na ji an yi sadakata, sai na kasa faɗin sunana."

Abokan aikinta sun yi ta wucewa ta gabanta ba su gane ta ba. Akwatin ne ya gane ta.

Kai ne ka riƙe mata wuri, Abatcha, lokacin da gari ya shafa fatiha ya tashi. Da la'asar Inna ta zo, ta ce a nuna mata akwatin, ta dafa shi tana kuka.

Mun gode, mai tsaron gurbi, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku da za ku gaji kujerarsa, kafin ku goge sunan kowa, ku fara tambaya: wa ya ga gawa?