Inci Huɗu

Duk unguwar babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Awo ake ce masa, shi kuma bai taɓa ƙin sunan ba. Kafinta ne, irin wanda fensir ba ya barin bayan kunnensa ko asibiti za shi. Shekara arba'in da 'yan kai yana rufa wa mutane gidaje, kuma maganarsa ɗaya ce, har maƙwabta sun haddace: "Ni ban taɓa yanka katako ya gaza ba." Ya faɗa wa mai shago, ya faɗa wa mai aski, ya faɗa wa surukinsa ranar da suka fara gaisawa. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya zuba masa cika baki a kan wannan abu guda, kuma in gaskiya za a bi aikinsa ya ba shi bakin magana.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa tsani, ido kuma ya fara yi masa gardama da ƙananan layukan tef ɗin awo. Daga shi sai matarsa a gidan da ya rufa da hannunsa. Inna kowa ke ce mata, har shi. Ciwon asma ya kama ta da tsufa, in zafi ya yi tsanani kuma aka ɗauke wuta, numfashinta sai ya dinga fita da ƙyar. Shi kuwa ya jawo kujera bakin gado, ya ɗauki wani kwali da ya yanke daidai hannunsa, ya yi ta yi mata fifita har kafaɗarsa ta ƙage.

"Malam, ka bari haka," in ji ta. "Kar mu zama majinyata biyu a ɗaki ɗaya."

"Kwalin ne ya gaji, ba ni ba."

Autarsu ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta iya kallon abu ta kau da kai ba. Ran nan ta shigo da wani mutum mai ɗan furfura a gemu, ta ce, "Baba, ga mai sola. Faifai shida za a ɗora a kan rufi, Inna ta samu fanka dare da rana."

Mai Awo ya yi murna har da tafawa. Ya zagaya da baƙon yana nuna masa kwano, yana cewa rufin nan shekara talatin da takwas ko ɗigo bai taɓa yi ba. Mai sola ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi dogon benen maƙwabci, ya ce gefen ɗakin Inna ne kaɗai ke shan rana tun hantsi har la'asar.

"Amma Baba, sai na shiga silin tukuna. Faifan nan suna da nauyi, iska kuma tana fizgar su. Sai na taɓa kowace rafta da hannuna kafin in kafa ƙarfe a kanta."



Akwai abin da ke cikin silin ɗin nan wanda yake ganin daga shi sai Allah suka sani. Lokacin da yake rufin, katakon da ya sayo ƙidayayye ne, babu rara ko ɗaya. Ya zo kan rafta ta bakwai, wato katakon da ke ɗauke da kwano daidai saman ɗakin kwana, ya auna, ya ja layi, ya sa zarto. Da ya ɗaga sai ga ta ta gaza da inci huɗu. Mai sayar da katakon kuwa shi ne maigidan da ya koya masa sana'a, kuma gara ƙasa ta tsage ya shige da ya koma gabansa ya ce a ba shi guda ɗaya, ya ɓata. Sai idonsa ya faɗa kan gadon Inna, koren gado mai ƙwari da mahaifiyarta ta bar mata. Ya jira ta tafi kasuwa, ya zare katakon gefe ɗaya, ya yi wa raftar ɗori da shi, ya juya fentin sama don kada a gani. Gadon ya tokare shi da bulo. Da ta dawo ya ce mata gara ce ta cinye, ya jefar. Ranar Inna ta zauna bakin gadon ta yi kuka mara sauti, shi kuma ya fita waje yana buga ƙusar da ba ta bukatar bugu.

To, mutumin da ya shekara talatin da takwas da wannan a ransa ba zai buɗe wa baƙo silin da daɗin rai ba. Sai ya shiga kame-kame. Yau tsani yana wurin aro. Gobe murfin silin ya manne da fenti. Jibi ya ce a ɗora faifan a gefen kicin mana, ai can ma rana ce. Mai sola ya ce, "Baba, can inuwar bene ce tun sha ɗaya." Auta ta fara hasala, ta ce, "Baba, wai me ke cikin silin ɗin nan, zinariya?" Ya yi mata kunnen uwar shegu. Haka aka cinye mako biyu, faifai na jingine a falo, jikoki na leƙa fuskarsu a ciki.

Inna ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi damunsa.

Wata azahar zafi ya sauko kamar an kifa tukunya a kan gidan. Wuta ta tafi tun safe. Inna ta shaƙi maganinta sau biyu, amma ƙirjinta bai daina kuka ba. Yana fifita yana kallon zufa na bin wuyanta, yana kallon yadda take riƙe zanin gado duk lokacin da za ta ja iska. Sai kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Matar nan tana neman numfashi, shi yana gadin sunansa. Da ta ɗan samu sauƙi ya ajiye kwalin a cinyarsa.

"Inna, akwai maganar da zan faɗa miki. Katakon gadon nan naki, ba gara ce ta ci ba."

Ta buɗe ido ɗaya. "Au, garar nan mai zarto?"

Ta gyara kwanciya ta ci gaba.

"Malam, wata uku muka yi a ɗakin nan kafin ka sa silin. Kullum na farka sai na ga bakin katakon, kore shar, yana kallona. Ka juya fuskarsa sama, ka manta gefe ma akwai fenti. Kafin nan ma ai ni na share garin katakon a bayan ƙofa."

"To kukan da kika yi?"

"Na yi, don ka dube ni ka ɗora wa gara. Katakon kuwa ina ya je? Yana bisa kaina. In ruwa ya sauko da iska nakan ce, kayan mahaifiyata na riƙe da rufin nan, ba abin da zai same mu."

"Shekara talatin da takwas, ba ki taɓa ce min uffan ba."

"Abu ɗaya kake taƙama da shi a duniya. In ƙwace maka, in ba ka me?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo masa, bai kuma ɓoye ba. Inna ta miƙa hannu ta zare fensir ɗin daga bayan kunnensa, ta share masa zufa, ta mayar.

Washegari shi da kansa ya jingina tsani, ya daure wa ciwon gwiwa ya hau, ya bi gefen murfin silin da wuƙa har ya buɗe. Kafin mai sola ya taka matakin farko ya tsayar da shi, a gaban Auta.

"Rafta ta bakwai akwai ɗori. Ni na yanka ta gaza. Inci huɗu."

Auta ta saki baki tana kallonsa, ta juya ta kalli uwarta. Inna ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

Mai sola ya daɗe a ciki da fitila. Ya sauko da yanar gizo a gemu, ya ce sauran raftocin lafiyarsu ƙalau, ɗorin ma aikin gwani ne, sai dai ba zai ɗauki ƙarin nauyi ba. Za a jera masa sabon katako a gefe, a ɗaure su tare da ƙusoshi masu murɗi, a canza ƙusoshin kwano da suka yi tsatsa.

"Koren a cire shi, Baba?"

Mai Awo ya dubi Inna.

"A bar shi inda yake," in ji ta. "Ya saba."

Aka kawo sabon katako aka shimfiɗa a tsakar gida. Mai sola ya faɗi tsawon, ya miƙa wa tsohon tef don girmamawa. Mai Awo ya ja tef ɗin, ya ƙura wa layukan ido, suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Da a da ne, da ya ja layi haka nan. Sai ya ce, "Inna, matso da kujerarki ki karanta min." Ta matso, ta ɗora yatsa a wurin, ya ja fensir a gefen farcenta.

"Ƙara inci huɗu, Malam," ta ce, "don ko ta kwana."

Har mai sola sai da ya riƙe ciki don dariya.

Kwana uku bayan nan faifai shida suka hau rufi. Da azahar aka ɗauke wuta kamar kullum, fanka kuwa ta ci gaba da juyawa abinta. Mai Awo ya shigo ɗakin da saurinsa, kwalin a hannu, don ƙafarsa ta saba. Ya tarar Inna ta yi barci, fuskarta na kallon silin, numfashinta na tafiya a hankali babu wannan kukan. Ya jawo kujerarsa bakin gado ya zauna. Ya rasa abin da zai yi da hannunsa, sai ya ajiye kwalin a ƙasa ya riƙe nata.