Hannun Sannu-da-Zuwa

Shekara da shekaru yana gadin ƙofar masaƙa, har sunansa ya ɓace, kowa Sannu-da-Zuwa yake ce masa. Mutumin nan ko ɗan dako ne ya miƙo hannu, sai ya tashi tsaye ya karɓa. Matarsa kan ce, "Malam, kai da gaisuwa kamar an yi maka baki."

A bakin ƙofar nan ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke share yawu. Safe da yamma tana murza masa hannun da man zafi, tana yi tana mita, har yatsu biyu suka fara motsi. Motsin da ko cokali ba ya riƙewa.

Sai ga labarin wani gwaji a babban asibiti. Wai za a ɗebi ƙwayoyin halitta daga ɓargon mutum, a haɗa su da burbushin ƙarfe da ido ba ya gani, a ja su da maganaɗisu zuwa inda ƙwaƙwalwa ta lalace, ko Allah zai sa ta farfaɗo. Ko rabi ba ta gane ba. Abin da ta riƙe shi ne, sai wanda hannunsa ba ya motsi sam ake ɗauka.

Ta durƙusa gaban keken guragun da yake zaune a kai. "Malam, don girman Allah, ko allura suka soka maka kada ka motsa. Na gaji. Muryarka nake so in sake ji, ko da faɗa ne." Ya lumshe ido, alamar ya ji.

Ya kuwa yi ƙoƙari, bawan Allah. A asibitin aka tsikare shi, aka ɗaga hannun aka saki, ya faɗo kamar tsumma. Likita ya gamsu, ya kama hannun cikin ladabi. "To Baba, sai mun kira ku. Allah ya ƙara sauƙi."

Yatsun nan biyu suka matse hannun likita.

Likita ya dubi hannun, ya dube ta. "Mama, ai hannun yana motsi. Ba zai shiga gwajin ba." Babu irin magiyar da ba ta yi ba, har ɗankwalinta ya zame.

Da yamma ta buɗe kwalbar man zafin, ji take kamar ta maka ta da bango. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita, hawaye na bin gefen da ya karkace. Ta ja tsaki, ta jawo hannun.

"Kawo nan, sarkin gaisuwa."