Maganin Inna da Danshin Wara

Mun je gaishe da Inna, ta kwance bakin zanenta za ta sha maganin hawan jini, sai ga ƙwayoyin sun jiƙe sun zama ƙullu. Haka take yi, ta ɓare magani ta ƙulle a zane. Tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai a Wara, bakin ruwa, ta ƙi dawowa wurinmu Yelwa.

Ƙanwata Hauwa, mai karatun haɗa magunguna, ta ce, "Inna, ki riƙa barin shi a ledarsa, danshi yake sha. Bincikena ke nan, kokiristal: a sa magani ya daskare tare da wani sinadari marar illa, su zama ƙwaya ɗaya kamar ta gishiri. Aikinsa bai canza ba, amma ya fi jure danshi, wani ma ya fi saurin narkewa a ciki."

Inna ta daɗe tana kallon ƙullun. "Ashe shi ma in an bar shi shi ɗai, lalacewa shika yi."

Da la'asar ta ce a sauko mata da akwatinta, za ta bi mu Yelwa.

Shekara biyu ina magiya, ƙwayar magani ta riga ni. Ku da me kuka shawo kan taku tsohuwar?