Ranar da Ƙanwata Ta Gyara Rezo da Lalle a Hannu

Ina da ɗan shago a garinmu, kusa da hanyar Waca, inda nake raba wa unguwa intanet. Antena ce a kan dogon ƙarfe, sai wata tsohuwar kwamfuta da ke karɓar rezo, wato siginar sadarwa, ta raba wa mutane. Ni ba gwani ba ne. Ƙanwata, wadda ta karanci kwamfuta a Damagaram, ita ta haɗa mini komai kafin ta koma bakin aikinta.

A shekarar matar ƙanena ta haihu, shi kuwa yana Libiya wajen ci-rani, bai ga ɗan ba sai a hoto. Na bugi ƙirji a gaban dangi cewa ranar suna zai ga komai kai tsaye ta bidiyo, tunda rezon waya a garinmu ko murya da ƙyar yake ɗauka.

Ana saura kwana uku suna, injin, wato tsohuwar kwamfutar, ya nuna akwai sabuntawa. Na danna, don ina son a ga ni ma na iya. Tun daga nan intanet ya koma tafiyar jakin da aka yi wa lodi. Masu zuwa suka yi ta ƙorafi, ni kuma na ɗora laifin a kan hadari, na ɗora a kan rezon Nijeriya da ke tsallako iyaka. Har antena na hau na karkaɗe, na yaga wando a banza.

Ƙanwata ta iso ana gobe suna. Kafin in samu ganinta mata sun riga sun zaunar da ita sun ɗaure mata lalle, hannu biyu cikin leda. Haka na je na tsaya a bakin zaure ina sosa ƙeya. Ta dube ni sau ɗaya ta miƙe, ta biyo ni shago da hannuwa a sama, mata na yi mata tsiya.

"Yaya, yau kai ne hannuna," in ji ta. "Zare wayar antena ka sa wa ƙaramar kwamfutarka kai tsaye."

Na sa. Shafi ya buɗe nan take.

"To, antena lafiya take, hadari ma ba ruwansa. Injin ne. Me ya canza a kwanan nan?"

Na ce babu komai. Ba ta musa mini ba. Ta sa na rubuta wasu kalmomi, tana faɗa mini harafi-harafi, sai ga ranar da na danna ta fito ɓaro-ɓaro a allo. Kunya ta rufe ni. Ita kuwa ko dariya ba ta yi ba, ta ce, "Ai kowa dannawa yake, Yaya. Nuwayo aka canza, shi ne zuciyar injin, kuma sabon bai jitu da katin rezonka ba. Ka share tsohon?"

Ban share ba, don ban ma san yana nan ba. Ta ce alhamdu lillahi, injin yakan ajiye tsohon kamar yadda Inna ke ɓoye irin geron bara. Muka mayar wa injin wayar antena, muka kashe shi muka kunna, ta nuna mini layi na biyu da haɓarta, na tsohon nuwayon, na zaɓa. Kafin a kira la'asar wayoyin mutanen da ke zaune a waje suka fara ƙara a jere.

Yarinyar da na goya ce, na koya mata ɗaure takalmi. Ranar na ji girmanta ya cika mini ido, musamman da mutane suka taso suna yaba mini, ta ce musu, "Ai Yaya ne ya yi da hannunsa," ta koma wajen lallenta.

Da safe, bayan an raɗa suna an yanka rago, na kira ƙanena. Hoto ya fito tas. Inna ta ɗago jaririn ta kusanto da shi. Ya daɗe yana kallo, ya ce a ɗan juya masa kan yaron. Aka juya.

"Inna," ya ce, "kunnen marigayi Baba ne."

Inna ta miƙa mini jaririn, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.